Ɗauka ana haskawa ko a gama kafin a haska: wanne ke lalata diramar Koriya?

A tsohon tsari na ɗauka ana haskawa, dirama mai kashi 16 kan fara fita alhali kashi huɗu ko makamancin haka aka ɗauka, kuma kashi biyu ake haskawa duk mako. Kafin a kai tsakiya, marubuci ya fara aiko da rubutu shafi-shafi, abin da 'yan Koriya ke kira jjokdaebon. Jarumi ya karɓi takarda da asuba, bai runtsa ba, bai san inda labarin ya dosa ba. Ina zai sami damar shiga rigar wanda yake fitowa a matsayinsa? Sai fuska ta sandare, 'yan kallo su ce "wasa da ƙafa" yake yi, wato wasansa ba shi da kyau. Ana cike gurbi da maimaita tsofaffin fitowa da tallar kaya. A Disambar 2017 tashar tvN ta haska kashi na biyu na diramar Hwayugi ba a gama tace shi ba, igiyoyin da aka rataye 'yan wasa da su suna bayyane.

Gama ɗauka tukuna yana ba da lokacin atisaye da tacewa. Sai dai in zubin labarin ya karkace ko jaruman ba su dace da juna ba, bakin alƙalami ya bushe: ƙorafin masu kallo ba ya sauya ko layi ɗaya. Duk da haka na fi yarda da gama ɗauka tukuna.