Cibiyoyin silosaibin na Oregon: kulawa mai kyau, kuɗi mai tsada

Tun 2023 jihar Oregon ta Amurka ke da cibiyoyi masu lasisi inda mai shekara 21 zuwa sama zai iya shan silosaibin, sinadarin wani irin naman kaza (wato laimar kwaɗi) da ke jirkita tunani da yadda mutum ke ganin abubuwa na ɗan lokaci, ba tare da takardar likita ba. Ana farawa da zaman shiri da tambayoyin lafiya. Wanda ya sha lithium, wani maganin taɓin hankali, cikin kwana 30 da suka wuce, ko mai tunanin cutar da kansa, ba a karɓarsa, kuma wannan tsaurin ya dace.

Ranar shan, mutum yakan yi awa huɗu zuwa shida a kishingiɗe, ido a rufe da ƙyalle, mai kula na zaune kusa. Nan ne gumurzun yake: tashin zuciya, faɗuwar gaba, jin kamar kai ba kai ba. Wanda ya dage sai ya riƙe linzami, tsoronsa ƙaruwa yake yi. Ƙwararren mai kula ba ya cika baki da magana, numfashi kawai zai tuna maka.

Abin da ya rage musu daraja shi ne kuɗin yakan haura dala dubu, inshora ba ta biya, kuma mai kula ba lallai ne ya zama likita ba. Ba a barin kowa ya tuƙa kansa gida.