Kafin ka sayi shimfiɗar fagen fama: girman gida da girman tebur

Duk wanda ya fara jan wasan Dungeons & Dragons (D&D) ko Pathfinder, wato wasannin tebur da 'yan wasa ke zama jaruman wani labari da ake bayarwa da baki, ba ya daɗewa yake gane cewa baki kaɗai ba ya raba gardamar "ai na isa wurin dodon" da "a'a, ba ka isa ba". Dole a shimfiɗa taswira mai gida-gida, kowa ya ga inda ɗan mutum-mutuminsa yake tsaye. Abubuwa uku ake dubawa wajen saye: girman kowane gida, siffarsa, da faɗin shimfiɗar gaba ɗaya. Mutane sun fi ɓata lokaci a kan na farko, alhali na ukun ne ke cin kuɗi a banza.

Gidan inci ɗaya, wato milimita 25 da 'yan kai, shi ne abin da kusan kowa ke amfani da shi. A dokar D&D gida ɗaya na nufin ƙafa 5, don haka jarumin da ke tafiyar ƙafa 30 a zagayen wasa ɗaya zai tsallaka gida 6. 'Yan mutum-mutumin da ake sayarwa, masu tsayin milimita 28 zuwa 32, yawanci gindinsu inci ɗaya ne. Babbar halitta irin doki tana cin gida 2 tsaye 2 kwance, wadda ta fi ta 3 da 3, ƙaton dodo kuwa 4 da 4. Taswirorin da Paizo (kamfanin Pathfinder) da Wizards of the Coast (kamfanin D&D) ke bugawa don a ɗora 'yan mutum-mutumi a kai duk a kan wannan ma'auni suke. Wanda ya kauce masa, duk abin da zai saya nan gaba sai ya yi ta lissafi.

Akwai na inci ɗaya da rabi, irin na wasan HeroClix. Yana da daɗin gani, kuma in kayanka masu faɗin gindi ne, ko masu takobi da fiffike da ke sarƙewa da na kusa, za ka samu sarari. Amma ka yi lissafi: shimfiɗar da ke ɗaukar gida 24 na inci ɗaya, gida 16 kawai za ta ɗauka. Tsafin ƙwallon wuta na D&D yana cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare, wato gida 8 daga gefe zuwa gefe. Sau ɗaya boka zai jefa shi ya rufe rabin faɗin fagen. Ni dai ban ga ribar ba, sai ga wanda ya riga ya tara manyan kaya. Gidan rabin inci kuwa na zanen gari ne ko babban kurkuku, ba na fama ba.

Sai batun siffa. Murabba'i ya fi dacewa da ɗaki da lungu da katanga, domin gini a miƙe yake. Matsalarsa tafiyar karkace: kusurwa zuwa kusurwa ta fi gefe zuwa gefe tsawo. Bugu na 5 na D&D ya kau da kai, ya ce a ƙirga ƙafa 5 kawai, Pathfinder kuwa na ƙirga 5, sannan 10, sannan 5. Gida mai kusurwa shida, irin na saƙar zuma, ba shi da wannan rigima, tunda duk maƙwabtansa shida nisansu ɗaya. Shi ya sa wasannin GURPS da BattleTech suka zaɓe shi, kuma ya fi kyau a daji da fili. Sai dai zana ɗaki mai kusurwa huɗu a kansa aiki ne, rabin gidajen bango zai yanke su. Ba sai ka zaɓa ba ma: ana sayar da mai fuska biyu, murabba'i a gaba, mai kusurwa shida a baya, kuma ita ya kamata mai sayen farko ya nema.

Yanzu faɗi. Battlemat ta kamfanin Chessex inci 23 da rabi ce a inci 26. Megamat inci 34 da rabi a 48. Akwai Mondomat da ta haura ƙafa 8 a tsawo, wadda sai shago ko ƙungiya. Flip-Mat ta Paizo inci 24 ce a 30, tana naɗewa ta koma 8 a 10, ta shiga jaka. Ido zai so Megamat, amma ɗauko awo ka gwada teburinka tukuna, ka cire kamar tafin hannu biyu ta kowane gefe, domin takardun 'yan wasa da littafi da kofin shayi su ma wuri suke so. Yawancin faɗa a cikin gida 15 zuwa 20 yake ƙarewa. Kada dogon zangon kibiya ya ruɗe ka: baka mai harbin ƙafa 600 na buƙatar gida 120, babu teburin da zai ɗauka, wannan da baki ake yinsa. Masu wasa a ƙasa kan darduma ne kaɗai zan ce su ɗauki babbar ba tare da tunani ba.

A kula da alƙalami. Ledar Chessex maka (alƙalamin zane) irin wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kaɗai take karɓa. Ta farin allo na iya kama ta har abada, ja kuma kan bar tabo in ya kwana. Flip-Mat na karɓar duka biyun, amma layin naɗi na sa ɗan mutum-mutumi tangaɗi, kuma da wuya ta kwanta lif a ranar farko.

In kuɗin jigila daga Amurka ya fi kuɗin kayan, masu buga banar talla za su buga maka gidajen a kan leda, ko ka haɗa takardun A4, kowace na ɗaukar gida 8 a 11. Ka ce a buga a ainihin girmansa, kashi 100, kada na'ura ta rage don ya cika shafi, sannan ka aza rula a kan gida 10 ka tabbatar sun ba da santimita 25.4 kafin ka biya.