Gogen Suwidin da kiɗan kora na Senegal a faifai ɗaya

Yawancin haɗin kiɗan Turai da na Afirka da nake ji, ɗaya ne ke zama maigida, ɗayan ɗan rakiya. Faifan Tretakt Takissaba na Ellika Frisell da marigayi Solo Cissokho, wanda ya fito a 2002, ba haka yake ba. Kowa da muryarsa, kuma babu wanda ya danne wani.

Ellika 'yar Suwidin ce, ta ƙware a gogen Turawa da tsohon kiɗan karkarar yankin Dalarna. Solo kuwa ɗan Ziguinchor ne a kudancin Senegal, a gidan makaɗa ya tashi, ya gaji kora, abin kiɗan nan na ƙatuwar ƙwarya da fatar saniya mai tsirkiya 21.

Abin da ya kama ni shi ne polska, kiɗan rawar mutanen Suwidin. Taku uku ne, amma ba daidai suke ba, wani a ja shi, wani a taƙaita. Na ɗauka kora ba za ta iya zama a kan wannan tafiya ba. Sai ga Solo ya kafa gindin kiɗan da manyan yatsunsa biyu, manuniya na ta yayyafa ƙananan sauti a sama, gogen Ellika kuma yana ratsawa tsakaninsu, wani lokaci ya bi waƙar Solo, wani lokaci ya ja ta zuwa nasa ɓangaren. Duk wanda ya saba da yadda mai goge ke amsa wa mawaƙi a ƙasar Hausa zai ji abin bai yi masa baƙo ba. Ban yi mamaki da BBC ta ba su lambar yabo a 2003 ba.

Akwai inda ban gamsu ba. Wasu waƙoƙin sun yi kama da juna a kunnena, kuma idan Solo ya ɗaga murya, nakan so a ƙara wa gogen fili. Mai neman ganga da kiɗan cashewa ma ba nan zai samu ba.

Shawarata, kada a ji shi ta lasifikar waya, domin kaurin tsirkiyoyin kora ɓacewa yake yi. A sa abin ji na kunne, a saurara tun daga farko. Wanda ya ji daɗinsa ya nemi na biyunsu, Abaraká! Tack!, na 2005.