Studiyon da ya haɗa mana sautin fim ɗin ban tsoro a Tudun Wada

Tunda mutane sun dame ni da tambayar ina muka yi editin ɗin gajeren fim ɗinmu, to ga amsa. Wani ɗan studiyo ne a Tudun Wada, saman shagon teloli, ɗaki ɗaya tal da kwamfuta biyu da katifun soso da aka manna a bango saboda ƙara. In ka ga wurin za ka raina, ni ma na raina wallahi.

Labarin namu na wani saurayi ne da aka ba ajiyar kuɗin gyaran masallacin unguwa, kullum tsakar dare sai ya ji murya tana ce masa ɗan ara mana ai za ka mayar kafin Juma'a. Mu da muka ɗauka a Rigasa aljani muka yi irin wanda aka saba, farar hoda, jan ido, ga dariyar nan ta hahaha. Mai studiyon ya kalla ya yi shiru can ya ce min, Malam wannan aljanin naku ko yara ba zai kora ba, Shaiɗan ai da muryarka yake zuwa maka. Raina ya ɗan sosu gaskiya, don ƙanina ne ya fito a aljanin kuma ya sha wahalar hodar nan.

Amma mutumin ya fi ni gaskiya. Ya cire aljanin kaf, ya sa jaruminmu ya karanta maganganun da bakinsa cikin raɗa, ya ɗan ja muryar ƙasa a manhajar editin ɗin nan DaVinci Resolve ya ɗora ta ƙarƙashin ƙarar fanka, har ba ka gane ko daga waje take ko daga ƙirjin yaron, wato dai waswasin nan da muke neman tsari da shi a Suratun Nasi. Wurin da hannunsa ke kan akwatin kuɗin sai kiran assalatu ya taso daga nesa muryar ta ɗauke ɗif, ni da na rubuta labarin sai da tsigar jikina ta tashi. Shi ya tuna min fim ɗin ban tsoron nan na Amurka, Paranormal Activity na 2007, a cikin gida ɗaya aka ɗauke shi da kusan dala 15,000, kuma yawancin tsoron ƙarar taku ne da motsin ƙofa.

Inda ya ban haushi kuma alƙawari. Sati biyu ya ce, sai da muka shafe wata ɗaya da rabi, yau an ɗauke wuta gobe yana ɗaurin aure a Zariya, ga shi ba a ɗaukar murya sai teloli sun tashi saboda kekunansu da janareto. Fassarar Turancin da ya sa a ƙasa ma da kaina na sake ta.

Kuɗinsa ba tsada, zan koma. Amma rabi kawai zan ba shi sai na ga aiki a filashina.