Sharhi: ftrace-bisect.sh, ɗan rubutun da ke kamo fankshin mai kashe na'ura

Masu aiki da kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'ura, sun san ftrace, wanda Steven Rostedt ke kula da shi, kuma yana cikin kanel tun sigar 2.6.27 ta 2008. Aikinsa bin sawun duk fankshin da kanel ya kira, wato guntayen umarnin da kowanne ke yin aiki guda. Sai dai wani lokaci mai bin sawun ne ke jawo ɓarnar. Ka rubuta function cikin fayil ɗin current_tracer don kunna shi, na'ura ta daskare ko ta sake tashi da kanta, ba oops (saƙon kuskuren da kanel ke fitarwa), ba ko layi ɗaya na bayani.

Abin da ya same ni ke nan da wani ƙaramin allon ARM da masu ƙera shi suka yi wa kanel ɗinsa gyare-gyare. Na jona waya ta siriyal don karanta saƙonnin kanel daga wata kwamfuta, shiru. Na duba ramoops, inda kanel ke ajiye saƙonninsa na ƙarshe, bayan na'urar ta tashi, fayau. A nan ne na koma ga ftrace-bisect.sh, wanda ke zaune a scripts/tracing cikin tushen kanel.

Dabararsa ba ta da wani sihiri. Za ka kwafe available_filter_functions, jerin duk fankshin da ftrace ke iya bi, zuwa babban fayil guda, rubutun ya raba shi gida biyu, ka zuba rabi ɗaya cikin set_ftrace_filter don ftrace ya bi su kaɗai, ka kunna. In na'urar ta mutu, mai laifin yana cikin wannan rabin. In ta rayu, yana ɗaya rabin. Ka sake rabawa. Kamar neman ruɓaɓɓen ƙwai ne a kwando ta hanyar raba kwandon biyu-biyu. Ko fankshin sun kai dubu 40, zagaye wajen 16 ya isa a kai ga guda ɗaya.

Mai laifin nawa ya fito daga umarnin da ke kai sifiyu (CPU) cikin barci mai nauyi, wurin da bai kamata a kira mai bin sawu ba sam, domin wasu sassan kanel an riga an kashe su a wannan lokacin. Na sa masa notrace, alamar da ke hana ftrace bin sa, na sake haɗa kanel, magana ta ƙare.

Irin wannan ba sabon abu ba ne. A gwajin 2.6.27, ftrace ya riƙa rubutu a adireshin ƙwaƙwalwar da aka riga aka saki aka ba wani, har ya lalata bayanan da ke cikin wasu katunan sadarwa masu amfani da direban e1000e. Bayan haka ne aka koma tattara wuraren kiran mcount, ƙofar da ftrace ke shiga kowane fankshin ta ita, tun lokacin haɗa kanel.

To, ga inda ftrace-bisect.sh yake gajiyarwa. Rubutun rabawa kawai yake yi. Kai za ka kunna, kai za ka tayar da na'ura, kai za ka tuna rabin da za ka mayar babban fayil. Ka buga sync don fayil ɗin ya sauka kan faifai kafin ka kunna, in ba haka ba fayil ɗin na iya tafiya tare da na'urar. A tsohon kanel, zuba dubban sunaye cikin set_ftrace_filter yana cin mintuna, har ka ɗauka ta mutu ne. Daga sigar 5.1 ana iya zuba lambobin jeri maimakon sunaye, kuma wannan ya rage wahalar ƙwarai.

Babban rauninsa shi ne mutuwar da ba kullum take zuwa ba. Rabin da ya tsira sau ɗaya ba lallai ya zama mai tsabta ba, don haka ka bar na'ura ta yi aikin da ta saba kafin ka yanke hukunci. Haka kuma masu laifin na iya fin ɗaya: in ka kama na farko, ka jefa shi cikin set_ftrace_notrace don ftrace ya tsallake shi, ka kunna duka, ka ga ko za ta sake faɗuwa.

In kana samun oops ko kdump na ajiye maka kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura lokacin da ta faɗi, fara da su, sun fi sauri nesa ba kusa ba. In kuwa na'urar mutuwa take ba sallama, ka tanadi yini guda da maɓallin tayarwa kusa da hannunka.