Sharhi kan horon kwana biyar game da yaƙi da tamowa a unguwanni

A watan da ya gabata na halarci horon da wata ƙungiya mai zaman kanta ta shirya a yankin Gwale da ke Kano domin mata masu aikin sa kai da ke shiga gidaje. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce, kuma abin da ya kai ni shi ne yaran da nake gani a goye a bayan ɗalibaina, gashinsu ya yi ja, jikinsu ya rame, amma iyayen suna cewa haƙori ne ko shawara.

Darajar horon tana cikin aikin da muka yi da hannunmu. A rana ta biyu aka raba mana tef ɗin auna dantse, aka kai mu wani ƙaramin asibiti ranar rigakafi, inda muka auna yara daga 'yan wata 6 zuwa 59. Ana naɗa tef ɗin a hannun hagu, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya kuwa, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, alama ce cewa yaron ya fara shiga haɗari. Da na zo auna yaron farko, jami'ar da ke koyar da mu ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, sassauta, kada ki matse masa fata, kada kuma ya yi sako-sako." Ta nuna mana yadda ake danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa 3, domin idan ramin ya zauna bayan an ɗaga yatsa, kumburin tamowa ne, kuma asibiti za a nufa ko da tef ya nuna kore.

Ranar girki ma ta gamsar da ni, saboda babu abin da aka dafa wanda ba a samu a kasuwar Rimi. Mun haɗa garin kunun Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, kowanne an gyara shi an soya kafin a kai inji. An jaddada cewa kunun yaro ya kasance mai kauri har ya zauna a cokali, tunda tsinkakken koko cika ciki kawai yake yi. An kuma gargaɗi masu ciki kan shan shayi tare da abinci, domin yana rage sinadarin ƙarin jinin da jiki ke ɗauka.

Duk da haka ina da ƙorafi. An ce horon ya shafi abincin masu rauni ne baki ɗaya, amma tsofaffi da naƙasassu sai a rana ta ƙarshe aka taɓo su a gurguje, takardun da aka ba mu kuma duk da Turanci suke. Abin da ya fi damuna shi ne ba a gayyaci magidanta da kakanni ba, alhali miji ke yin cefane, kuma maganar surukuwa ce ake bi a kan jariri. Na gane girman wannan giɓi a gida na farko da na shiga, lokacin da na yi maganar shayar da jariri nono zalla, sai wata dattijuwa ta tambaye ni, "'Yata, a wannan zafi na Kano za a hana jariri ruwa har wata shida?" Na ce mata, "Inna, ai mafi yawan nonon uwa ruwa ne," amma ban ga alamar ta gamsu ba, horon kuma bai koya mana yadda za mu lallashi manya cikin ladabi ba.

Ina ba duk macen da ke hulɗa da matan unguwa shawarar ta halarta idan an sake buɗewa. Tef ɗin yana cikin jakata, ina auna yaran ɗalibaina duk ranar Laraba bayan an tashi karatu, kuma na riga na raka mata biyu asibiti da 'ya'yansu, inda aka ɗora su a kan abincin tamowa na gyaɗa.