Wane shafin mujallu ya fi dacewa da mai bincike?

Abu uku nake dubawa a shafin mujallun ilimi: sauƙin nemo maƙala, samun cikakkiyarta ba tare da an tare ka da neman kuɗi ba, da sanin ko masana sun duba aikin kafin a buga shi. A kan wannan ma'auni, DOAJ (Directory of Open Access Journals), wato kundin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, shi ne zaɓina.

A 2003 aka kafa shi a Jami'ar Lund da ke Suwidin, kuma duk mujallar da ke cikinsa kyauta ake karanta ta, ba sai ka buɗe asusu ba. Danna sunan mujalla, nan take za ka ga mawallafinta, lambar ISSN (lambar shaida ta mujalla), irin bitar da masana ke yi mata, da ko tana karɓar kuɗi daga marubuci. Kana ma iya tace sakamako ya rage waɗanda ba sa karɓar ko sisi. Ba a shigar da mujalla sai an tantance ta, wadda ta saɓa ƙa'ida kuwa a cire ta.

Google Scholar ya fi shi faɗi, sai dai ba ya rarrabe aya da tsakuwa. PubMed na masu harkar lafiya ne. ScienceDirect kuwa sau da yawa taƙaitawa kawai zai nuna maka, sauran sai in jami'arka ta biya.

Ka yi hattara da mujallun bogi. Su ne masu aiko saƙon imel cike da yabo, da alkawarin buga aikinka cikin 'yan kwanaki. Wata ta taɓa riƙe mini maƙala, ta ce sai na biya kuɗin janyewa. Wasu sukan kwafi suna da ISSN na mujalla ta gaskiya su buɗe shafi mai kama da nata, su jera sunayen farfesoshin da ba su ma san an sa su ba. Tambarin DOAJ ko Scopus (wani kundin mujallun da aka tantance) a shafinsu ba hujja ba ne, kowa na iya manna hoto. Je ka DOAJ ko Scopus ɗin ka nemi sunan mujallar da kanka, ka bi adireshin da aka rubuta a wurin. Ka kuma ɗauki lambar DOI ta wata maƙalarsu, wato lambar shaidar maƙala a intanet wadda ke farawa da 10, ka gwada ta a doi.org. In ba ta kai ka ga maƙalar ba, kada ka tura musu aikinka.